Bijimin da Ke Kallon Bango

Angulaye ne suka fara sanin Orval Pruitt ya mutu. A garin Sotol ba a cika riga matan coci jin labari ba, amma ranar an riga mu. Shekarar fari ce, shekarar da ciyawa ta ƙone ƙurmus har shanu suna tauna itacen shinge. Mai kai wasiƙu ne ya hango tsuntsayen suna shawagi a kan famfon iskan Pruitt, ya ɗauka wata saniyar ce ta kuma faɗuwa, ya ratse ya duba. Sai ya tarar da mai shanun da kansa kwance a gefen kwamin ruwa, fuska a laka, kai a fashe ta bayan kunne. Ɗamararsa na ƙugunsa, amma kuben bindigar wayam.

To, sai an san wannan bindiga kafin a gane haukan da ya biyo baya. Tsohuwar libarba ce, ƙaramar bindigar hannu, amma ƙotarta ta lu'ulu'u, wato ɓawon kawar teku da aka goge har ya yi fari sol. In rana ta doke ta sai ka ga kore da ja suna gudu a cikin farin kamar mai a kan ruwa. Ba ta ƙara wa harbi komai. In hannu ya yi gumi santsi take yi, in ta faɗi ta tsage kamar faranti. Duk da haka namijin garinmu zai bar matarsa da yagaggen takalmi ya sayi irinta. Wai ko da tsakar rana sanyi gare ta kamar kuncin budurwa. Mu dai da muka taɓa zama 'yan mata ba mu tuna an yi mana irin shafar da ake yi mata ba.

Masu kan bijimi a sassaƙe a jikin ƙota guda biyu ne kaɗai a garin, tagwaye. Kyaftin Tolliver, tsohon mai farautar ɓarayin shanu, shi ya sa aka yi su. Ya riƙe ɗaya, ya ba Orval ɗaya ranar da ya aura masa 'yarsa Nettie. Da yake Orval bahago ne, shi a gefen hagu aka sassaƙa masa bijimin, don in ya rataya ta a ƙugu bijimin ya kalli jama'a.

Kafin rana ta faɗi an kama Chano mai awaki. Satin da ya wuce Orval ya zabga masa igiya a bainar jama'a saboda ya shayar da awakinsa a kwamin, shi kuma ya ce sai ya ga bayansa. Ɗan Meziko ne, talaka, kuma an ga sawun alfadarinsa a wurin. Aka sa jana'iza ran Asabar. Bayan jana'iza a nan ana gasa sa, ana buɗe kwalabe, kuma matar mai kanti, Uwargida Gaddis, ta riga ta gaya wa kowa cewa Lyman ƙanen mamacin ya sayi sabuwar igiya, irin ta rataye mutum, bai ko nemi ragi ba.

Chano kuwa mijin Ofelia ne, Ofelia kuma 'yar Ysidro Baeza ce tilo, ga ta da tsohon ciki.

Ysidro mai bin sawu ne. Rabin rayuwarsa a bayan Kyaftin ya yi ta, shi yana karanta ƙasa, Kyaftin yana harbi. Akwai ranar da Kyaftin ya jawo shi daga kogi da harsashi a cinya, shi ya sa har ya tsufa yake ɗingishi, kuma har ya tsufa ba a zagin Tolliver a gabansa.

Washegari da sassafe ya ɗaura wa goɗiyarsa sirdi ya nufi famfon. Ya tarar da Sherif Dabney, mai riƙe da doka a yankin, ƙato mai tumbi, yana fifita da hula.

"Ka makara, Baba Sidro. Shanu sun tattake wurin tun jiya."

"Shanu iyakarsu bakin ruwa, Sherif. Mutum kuwa sai ya koma gida."

Ya bar kwamin ya yi nisa, ya riƙa kewayawa yana jan ƙafa. Ga sawun alfadarin Chano da awaki a bayansa. Ga na dokin Lyman mai karkataccen takalmin ƙarfe. Can gindin wata ƙaya kuma ga sawun wani babban doki da aka ɗaure. Da mai shi ya tashi tafiya bai hau a nan ba. Sai da ya ja dokin a ƙasa har zuwa wani faffaɗan dutse, ya matsa da shi jikin dutsen, daga nan ne kofato ya fara nutsewa da nauyin mutum. Wanda ba ya iya hawa daga ƙasa ke nan. Ysidro ya tsaya yana lissafa tsofaffi masu ciwon ƙugu a yankin. Suna da yawa. Ya ambaci kowa a zuciyarsa, ya tsallake suna ɗaya.

Da ya dawo kwamin ya durƙusa ya zura yatsu a lakar da ke ƙarƙashin bakinsa, inda kofaton shanu bai kai ba. Ya zaro wani ɗan farin abu kamar farce, lanƙwasasshe. Ya goge a wando. Tsinin ƙahon bijimi ne, na lu'ulu'u.

"Ka gani ko?" in ji Sherif. "Mai awakin ya fizge bindigar Orval ya rotsa masa kai da ita."

"Orval ya tsaya aka zare masa bindiga? Mutumin da ko bayan gida da ita yake shiga?"

Sherif ya mayar da hularsa. "Ni dai in gaya maka gaskiya. Ƙofa ɗaya gare ni da kwaɗo ɗaya. In mazan nan suka sha suka zo ran Asabar, ba zan harbi maƙwabtana saboda mai awaki ba. Kawo mini wani, ko ka shirya wa 'yarka baƙin kaya."

A ɗakin tsaro Chano ya riƙe ƙarfen taga da hannu biyu, leɓensa a bushe.

"Baba, na je. Na shayar da su a ɓoye kafin rana ta ɗaga. Ruwa na sata, ban kashe kowa ba."

"Ka ce za ka ga bayansa."

"Na faɗa. Kai ma da a gaban matarka aka zabge ka kamar jaki, da ka faɗa." Ya matso da fuskarsa jikin ƙarfen. "Ofelia fa?"

"Ta ce in gaya maka kai sakarai ne. Ga wake ta aiko."

Chano ya karɓi kwanon, ya kasa ci.

Lyman Pruitt yana bayan kanti yana miƙar da sabuwar igiyarsa a jikin turke don ta yi laushi. Bai ɓoye ta ba da ya ga Ysidro.

"Ka zo roƙo ne, tsoho?"

"Na zo tambaya. Dokinka ya je famfo ran Alhamis."

"Famfon gidanmu ne."

"Kuma bai koma ta hanyar gidanku ba. Ya bi ta kwari, ya tsaya a bayan gidan mai aski har la'asar."

Fuskar Lyman ta yi ja har kunnuwa. Ran Alhamis dai mai aski yakan je yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa aski, ya bar matarsa ita kaɗai. Wannan kuwa duk garin mun sani, ban da mai askin.

"Rufa mini asiri," in ji Lyman, murya ƙasa-ƙasa. "Na bar Orval da ransa. A buge yake tun hantsi, yana zagin shanu. Ƙullin hannunsa duk a ɗaye, na ce me ya same ka, ya ce ƙofa ce. Iyakar abin da na sani ke nan. Kuma bai canja komai ba, surukinka zai yi lilo."

Ysidro ya juya ya tafi. Maganar ƙofar nan ce ta tsaya masa a rai.

Ya sami Nettie a kicin tana kwaɓa fulawar burodin jana'iza da hannu ɗaya, ɗayan a naɗe da tsumma. Baƙin mayafi a fuskarta, a cikin gida, a wannan zafi.

"Sannu da haƙuri, 'yata."

"Sannu, Baba Sidro. Zauna, akwai kofi."

"Ɗaga mayafin in gan ki."

Ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga. Ido ɗaya a rufe ruf, leɓe a tsage, shatin yatsu a wuya.

"Ƙofa ce?"

"Tun makon aure ƙofar nan take dukana." Ta saki mayafin. "In wanda ya so mutuwarsa kake nema, ga ni. Sai dai hannun nan ko butar shayi ba ya ɗagawa."

Ya dubi hannun, ya san gaskiya ta faɗa. "Wa ya ga fuskar nan kafin ya mutu?"

"Ba na fita in tana haka. Babana ne dai ya biyo ran Alhamis da safe, ban ji zuwansa ba balle in rufe. Ya zauna a nan inda kake, ya dube ni, ya sha kofi, ya ce kofin ya yi daɗi. Ya tashi ya..."

Hannunta ya tsaya a cikin kwaɓin.

"Baba Sidro," in ji ta a hankali, "ka sha ɗora ni a wuyanka ina yarinya."

"Na ɗora ki. Ofelia ma na ɗora ta."

Ran Asabar da hantsi ya je gidan Kyaftin. A bakin ƙofa akwai kututturen da tsohon yake takawa ya hau doki tun da ƙugu ya ci amanarsa. Ysidro ya kau da kai daga kallonsa. Kyaftin yana baranda yana aske gemu, baƙar kwat ɗinsa a kan kujera.

"Sidro! Shigo, gurgun banza. Ka ci wani abu?"

Ysidro ya ajiye ɗan ƙahon a gefen kwanon sabulu. Askar ta tsaya a iska, sannan ta ci gaba.

"Na Orval ne," in ji Kyaftin.

"Haka Sherif ya ce. Ina taka bindigar, Kyaftin?"

"Za ka gan ta a ƙuguna anjima, kamar kowace jana'iza." Ya goge askar a tawul. "Ka kwantar da hankalinka. Ba wanda zai taɓa surukin naka. In na tsaya a ƙofar ɗakin tsaron ba mai wucewa."

"Da can ke nan. Su Lyman ba su san ka a kan doki ba, a kan kujera suka san ka. In ma sun bar shi yau, alƙali ba zai bar shi ba."

"Ka ga fuskarta?"

"Na gani."

"To me kake so da ni?"

"Ina so Chano ya ga ɗansa."

Kyaftin ya koma ga madubi ya ci gaba da aski. Ysidro ya ɗauki ƙahonsa ya fita.

A maƙabarta rana ta yi kamar za ta narka mutane. Kyaftin yana tsaye kusa da 'yarsa, kwat a ɓalle har wuya. Da ya sunkuya zai zuba ƙasa, gefen kwat ɗin ya ɗage, gindin ƙotar ya leƙo, fari tas, ba tsaga ba ɓantara. Ysidro ya ji wani sanyi ya ratsa shi, har ya kusa gode wa Allah. Sai kuma ya hango Lyman yana raɗa da wasu maza. In ba Kyaftin ba ne, to ba shi da kowa, kuma rana tana ta tafiya.

Aka ɗunguma gidan Pruitt inda san yake gasuwa tun jiya a rami. A nan muna da doka, mu mata muka kafa ta tun ranar da aka harbi wani a wurin biki a kan ƙashin haƙarƙari: ba namijin da za a miƙa wa faranti da bindiga a ƙugunsa. Kowa sai ya kwance ɗamara ya rataye a turakun da ke jikin bangon rumbu. Mazan ma sun fi mu son dokar, don nan ne kasuwar nuna gwaninta. Kowa ya zo da ta adonsa, sai su bi layi da kwalba a hannu suna leƙawa, suna shafawa, wannan ta hauren giwa, waccan ta ƙahon barewa. Ta Kyaftin kullum a tsakiya take, inda rana ta fi dukanta, shi kuma yana gefe yana jiran a yaba.

Ranar a can ƙarshen layi ya rataye ta, a inuwa, ya kife hularsa a kai. Tsoho mai sanƙo, a wannan rana, ya zauna cin nama ba hula.

Ba wanda ya miƙa wa Ysidro faranti. Ya tsaya a gindin bango yana jira. Aka ci, aka sha, muryoyi suka fara tashi. Ya dubi Kyaftin, Kyaftin ya dubi namansa. Da Lyman ya miƙe ya ce, "To maza, akwai sauran aiki a gari," wasu suka ture kujeru, Ysidro ya sake dubansa. Tsohon ya yunƙura zai tashi, ya buɗe baki, amma hayaniya ta danne shi, ba wanda ya ko waiwayo.

Sai Ysidro ya ja ƙafarsa zuwa ƙarshen layi, ya ɗage hular.

Ƙotar fara ce, lafiyayya, sumul kamar ƙwai. Babu bijimi.

"Kai tsoho!" in ji Lyman. "Sauke hannunka daga bindigar Kyaftin."

"Ba tasa ba ce." Ya zare ta daga kuben, ya juya ta a rana yadda kowa zai gani. Ga bijimin a ɗaya gefen, ƙahonsa biyu cif. "Lyman, da wane hannu yayanka yake cin abinci?"

Uwargida Gaddis ce ta fara ganewa, ta saki ludayi a cikin wake. "Wayyo Allah, bijimin bango yake kallo! Ta Orval ce!"

Ysidro ya fito da ɗan ƙahon daga aljihu ya ɗora a tafin hannunsa. "Wannan a bakin kwami na tsince shi. Bijimin Orval bai rasa ƙaho ba. Saura ɗan'uwansa."

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar kitse da ke ɗiga a garwashi.

Kyaftin ya ajiye wuƙarsa, ya goge baki. "Tawa tana cikin rijiyar gidana, Dabney, in kana da mai shiga. Na same shi a bakin ruwa. Na ja kunama, ta ƙi tashi. Na sake ja. Harsashin ya mutu a ciki, rabon da in harba ta tun ranar auren nan. Ya yi mini dariya, ya ce in koma gida in yi wa abata kwalliya. Ya juya mini baya ya sunkuya zai sha ruwa." Ya dubi hannunsa. "Ni na sa hannun 'yata a nasa. Ni na ba shi bindigar. Na karɓi abina."

"Ai da ka zo babu bindiga, Yallaɓai," in ji Sherif, kamar zai yi kuka.

"Da kowace mace a nan ta tambaya."

Kuma gaskiyarsa, da mun tambaya.

Lyman ya taso da ashar a bakinsa. Nettie ta miƙe tsaye a tsakaninsu, ta cire mayafin gaba ɗaya, ta juya a hankali don kowane tebur ya samu rabonsa na kallo. Akwai matan da suka sunkuyar da kai a ranar, don ba yau suka fara sani ba. Lyman ya koma ya zauna.

Abin da ya biyo baya gajere ne. An saki Chano kafin magariba. Bai ƙara sati a garin ba, ya ɗora Ofelia a amalanke suka haye kogi, can ta haihu, kuma ba su dawo ba. Kyaftin ya mutu a gidan yari, bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba. Ysidro kuwa, daga ranar ko ɗan maraƙi ya ɓace ba a sake aika masa ba. Mutanen Sotol sun yafe wa wanda ya yi kisan tun kafin naman ya huce. Wanda ya ɗage hular ne ba su taɓa yafe wa ba.

Amma abin da muka gani a ƙofar rumbun shi ne har yau ake faɗa. Sherif ya jawo dokin Kyaftin, bai sa masa ankwa ba. Tsohon ya kama sirdi, ya ɗaga ƙafa, ta ƙi kaiwa ga likkafa. Ya sake gwadawa. A filin nan babu dutse babu kututture, kuma a cikin mazan nan duka ba wanda ya san ko ya matso ko ya tsaya. Sai ga Ysidro yana ɗingishi. Ya durƙusa a kan gurguwar ƙafarsa, ya sarƙe yatsunsa, ya miƙa.

Kyaftin ya daɗe yana kallon hannuwan. Sannan ya taka, ya hau.

"Da ni ne kai, da haka zan yi," in ji shi, idonsa a kan hanya. "Kada ka zo duba ni."

Ysidro ya tsaya a wurin da shatin takalmi a tafin hannunsa, yana kallon sawun dokin yana nutsewa a ƙasa, har ya sha kwana.